Geron da Gwaggo Ta Zuba a Buhu

Gwaggona, yayar mahaifina, tana da gona ɗaya da ke kwance a ƙasa biyu. A cikin gonar akwai wani turken siminti, tsayinsa bai kai ƙugun mutum ba, shi ne iyakar Nijar da Najeriya a wannan wuri. Abin da ke arewa da turken, wato ɓangarenmu, bai fi kashi ɗaya cikin huɗu na gonar ba, jigawa ce mai rairayi, gyaɗa take sa mata. Sauran duk yana kudu, kuma can ne ƙasar gero. Kakan Gwaggo ne ya sare dajin, tun ba a kafa turken ba. Waɗanda suka zo suka kafa shi, in ji tsofaffi, sun sha ruwa a gidansa, sun yi godiya, sun tafi, ba su ce masa sun raba masa gona ba.

Ƙauyenmu yana kudu da Gazawa. Ni na bar shi tun ina ƙarami, na yi karatu, na zama malamin lakol, wato makarantar boko, na yi shekaru ina koyarwa a wajajen Agiye da Cadawa. A kowane aji da na shiga akwai taswira a bango, da jan layi a ƙasanta. Na koya wa ɗaruruwan yara cewa nan ƙasarmu ta ƙare. Wata rana bayan an tashi na sa abin awo na auna kaurin jan layin nan, na lissafa da ma'aunin da ke gefen taswirar, sai na ga faɗin tawadar kaɗai ya haura kilomita biyu. Ke nan ƙauyenmu, da rijiyarsa, da maƙabartarsa, da gonar Gwaggo, duk suna ƙarƙashin tawada. Ban gaya wa 'yan aji ba, don ba ya cikin abin da za a tambaye su a jarrabawa.

Gwaggo tana shuka ne layi-layi daga arewa zuwa kudu, haka kuma take bin layin da hauya in noma ya zo. Wani hutun damina na zauna a inuwar gawo ina kallonta, na ƙirga mata. Kafin rana ta take, ta fita ƙasar waje sau ashirin da wani abu, ta dawo sau ashirin da wani abu. Na faɗa mata. Ta jingina da hauyar ta ce, "To shi ya sa bayana ke ciwo. Ɗan lakol, in ka gama ƙirga tafiye-tafiyena ga wata hauyar can."

Abin dariya ne a lokacin. Bai daina zama abin dariya ba sai wata kaka da aka rufe iyaka ga kaya, hukumar kudu kuma ta hana fitar da hatsi daga ƙasarta.

Yadda ake yi tun fil azal shi ne, in gero ya bushe a yanke zangarniya, a ɗaura dami-dami, a ɗora a amalanke a kai gida, a jera a rumbu yadda yake da kansa. Mata su riƙa ɗebo na yini guda suna sussukawa a turmi. Amalanken ba ya iya bi ta arewacin gonar, saboda rairayi da wani kwazazzabo, sai ya fita ta yamma ya hau burtali, ya wuce wata tsamiya, sannan ya miƙe ƙauye. A gindin tsamiyar nan ma'aikatan iyaka na kudu kan zauna in sun fito sintiri. Sun sha ganin damman Gwaggo suna wucewa, iyakarta su ce sannu da aiki.

A wannan shekarar rumbunta ya zube da marka. Gwaggo ta haura sittin, mijinta ya rasu, ɗanta ya tafi neman kuɗi arewa ya bar mata jikoki uku. Geron gonar nan shi ne abincinsu na shekara, babu wani. Na zo hutun ƙarshen mako na tarar ana batun inda za a sa damman, sai na kawo shawara. Akwai injin sussuka da ke yawo a gonakin kudu. A kira shi ya sussuke geron a gona, a zuba a buhu. Abin da zai ci sawu goma na amalanke sai ya koma sawu biyu, kuma buhu yana shiga ɗaki, ba ya bukatar rumbu. Na ma yi lissafin a ƙasa da tsinke.

Gwaggo ba ta so ba. Ta ce hatsin buhu ba ya daɗewa, hannu ya fi saurin shiga buhu da shiga rumbu, wanda zai hau rumbu sai ya yi tunani sau biyu. Amma rumbun babu shi, ni kuma ga lissafi a ƙasa. Na sayo buhuna a kasuwar Agiye, aka kira injin, ya yi ƙararsa rabin yini ya tafi. Aka samu buhu goma sha ɗaya. A gefe ga tulin ƙaiƙayi kamar ƙaramin ɗaki.

Ranar da za a kwaso ina nan. Maƙwabcinta ya kawo amalankensa da shanu biyu, muka ɗora buhu shida, muka hau burtali. Gwaggo tana gaba da ƙafa. A gindin tsamiya wani ma'aikaci ya miƙe daga kan benci ya ɗaga hannu. Babban mutum ne, da furfura a gemu, kuma da ya buɗe baki Hausarsa irin tamu ce, ta Katsinawa. Ya gaishe da Gwaggo yadda ake gaishe da uwa, ya tambayi gajiya, ya tambayi jikoki, sannan ya ce, "Inna, ina za a da kaya?"

"Wane kaya? Gerona ne. Gida za ni."

"Gida ina?"

Ta nuna masa da haɓa. Ana hango rufin masallacin ƙauyenmu daga wurin.

Ya ce, "Can Nijar ce. An hana fitar da hatsi."

"Bara ma kai ne a nan, da na wuce da shi."

"Bara dami na gani. Yau buhu nake gani."

Na matso, na gyara murya irin ta aji, na bayyana masa cewa geron ɗaya ne, gonar ɗaya ce, mai shi ɗaya ce, abin da ya bambanta kawai an cire masa ƙaiƙayi. Ya saurare ni har ƙarshe, abin da ba kowane ɗalibi ke yi ba. Sannan ya ce, "Malam, dami in na gani na san daga gona ya fito, ba wanda ke zuwa kasuwa ya sayo dami ya tsallaka da shi. Buhu kuwa, yau kaɗai na mai da mutum huɗu, kowa ya ce na gonarsa ne. In na bi abin da ke rubuce, kama su zan yi. Saboda Inna ce, ku mai da su inda kuka ɗauko."

Muka juya shanun. Muka mai da buhunan gona.

Da lokaci yana hannunmu, da sai a jira a ga yadda abin zai kasance. Amma an riga an yi shelar ranar sakin gonaki, ranar da makiyaya ke da izinin shigo da dabbobinsu su ci kara da abin da ya saura. Kwana takwas suka rage. Rugage sun riga sun sauka a bakin burtali suna jira. Daga wannan rana duk abin da saniya ta tarar a gona nata ne, mai gona ba shi da bakin ƙara. Buhu kuwa ba ya tsare ƙahon sa.

Mafita mai sauƙi tana nan a fili, kowa ya gan ta. Masu kabu-kabu biyu sun zo har gida suka ce su za su kwaso buhunan ɗaya-ɗaya a moto, wato babur, ta wata 'yar hanya da ba ta bi ta tsamiya. Ni ma na nuna mata cewa daga inda buhunan suke zuwa turken bai fi taku sittin ba. A ɗauka a ka a ajiye cikin gyaɗa, shi ke nan sun shigo ƙasa ba tare da sun fita daga gona ba. Na ji daɗin wannan dabara ƙwarai, har ina ganin ta cancanci a sa ta a littafi.

Gwaggo ta ce, "Gonar ubana ce, ni na shuka, ni na nome. Sai kuma in koma in saci abina ina waige-waige? Ta tsamiya na saba bi, ta tsamiya zan bi, rana tsaka. In ba haka ba shanu su cinye."

Ta faɗi haka ne tana tsince tsakuwa a wake, ba ta ko ɗago kai ba. Jikokin suna zaune suna ji.

Tunda ni na jawo, ni ya kamata in nemo bakin zaren. Kuma in faɗi gaskiya, abin ya fara ba ni sha'awa fiye da yadda ya dace da mai laifi. A wane lokaci ne gero ke tashi daga abinci ya zama kaya? Lokacin da ya fito daga injin? Lokacin da aka ɗinke bakin buhun? Ko sai ƙafar sa ta taka wani wuri a burtali da babu alamar komai? Gwaggo tana ganin gida take kai hatsinta. Mutumin tsamiya yana ganin fitar da shi take daga ƙasa. In ta wuce shi, ma'aikatan namu ɓangaren suna iya cewa shigo da shi take. Tafiya ɗaya ce da ba ta kai rabin awa ba, ga suna uku, kuma biyu daga ciki suna da hukunci.

Akwai wani tsohon ma'aikacin duwan, wato kwastan, a Gazawa da ya ajiye aiki, mutumin Gidan Rumji, Bagobiri, saboda haka abokin wasana. Na same shi a ƙofar gidansa yana dara shi kaɗai, yana cin kansa.

Ya ce, "A'a, ga bawana. Mi ya kawo Bakatsine da hantsi, ko an kore ka lakol?"

Na ba shi labari. Ya yi dariya har da tari. "Wato kai ka mai da tsohuwa bafatakiya. Shekara sittin tana manomiya, ka zo da tsinke ka yi lissahi, ta wayi gari 'yar fasa-ƙwauri. Karatu ya yi rana."

Na ce ba dariya na zo saye ba, ya faɗa mini abin da doka ta ce.

Ya ture 'ya'yan darar gefe. Ya ce in dai yadda suka yi aiki ne, doka tambaya uku take: mene ne wannan, daga ina zuwa ina, kuma don me. Biyun farko ido na amsa su. Ta ukun ce ke cikin zuciyar mai kaya, ma'aikaci kuwa ba a ba shi madubin duba zuciya ba, sai ya nemi alama. "Wanga dami da kaka renawa, alama ne. Duk wanda ya gan shi ya ga gona. Buhu kuwa kamarsu ɗaya da na kasuwa. Doka ba ta san gwaggonka ba, buhu ta sani."

Na ce to akwai inda aka rubuta cewa dami ya wuce, buhu ya tsaya?

Ya ce shi dai bai taɓa karanta kalmar dami a wata takarda ba, duk shekarun da ya yi a buro, wato ofis. An san da manoman bakin iyaka, ana ɗaga musu ƙafa, amma yadda za a gane su an bar wa mai zama a benci. Na tambaye shi kajin ƙauyenmu da ke kiwo a kudu su dawo su yi ƙwai a arewa fa? Ya ce muddin kazar da ƙafarta ta zo babu magana, ranar da aka sa ta a akurki aka ɗora a moto ta zama kaya. Na tambaye shi ruwan da ke sauka a gonakinsu ya gangaro tafkinmu. Ya ce, "Bakatsine, tashi ka nemo takarda. Tsohuwa na jira kana tambayar ruwa."

Takardar da yake nufi ita ce shaidar cewa gonar ta Gwaggo ce, geron kuma a cikinta ya fito. Na ɗauka aikin yini guda ne. Maigarinmu ya ce ya san Gwaggo tun suna yara, zai sa hatimi a kan cewa mutumiyarsa ce, amma ƙasar da geron ya tsiro ba tasa ba ce, hatiminsa ba ya tsallaka turke. Na hau moto na je wurin maigarin kudu. Ya karɓe ni da fura, ya ce gonar ya san ta sarai, cikin ƙasarsa take, amma matar ba talakarsa ba ce, ba ta cikin mutanen da yake amsa sunansu. Ɗaya yana da matar, ɗaya yana da gonar. Na roƙi kowanne ya rubuta rabin da ya sani. Suka rubuta, ɗaya da Faransanci, ɗaya da Hausa. Na kai wa mutumin tsamiya. Ya karanta wadda yake iya karantawa, ya juya ɗayar sama da ƙasa, ya ce duka biyun ya yarda da su, sai dai babu wadda ta ce geron da ke cikin waɗannan buhunan daga wannan gonar yake. Na duba, gaskiyarsa. Da ɗalibina ne ya kawo wannan gyara da na ba shi maki.

Kwana biyar suka tafi a haka. Saura uku.

Da safen kwana na shida Gwaggo ta yafa zanenta ta ce in raka ta. Ban san inda za mu ba sai da muka tsaya a gindin tsamiya. Ta gaishe da ma'aikacin, ta ce, "Ɗan nan, ubanka manomi ne?"

Ya ce manomi ne, Allah ya jiƙansa.

"Ka taɓa riƙe hauya, ko kai ma irin wannan ne?" Ta nuna ni.

Ya yi murmushi ya ce ya riƙe.

"To taso mu je gona. Takarda ba ta san gero ba. Kai ka san shi."

Ya bar wa abokin aikinsa bencin, ya biyo mu da ƙafa. Ni ina baya, da takardu biyu a aljihu.

Da muka isa ta fara nuna masa karan, duk gonar a yanke, babu zangarniya ko ɗaya a tsaye. Sannan ta kai shi ga tulin ƙaiƙayi. Ya zagaya shi, ya tura sandarsa ciki ya ga zurfinsa, ya ɗebo ya murza, ya dubi buhunan. Duk wanda ya tashi a gidan noma yana iya duban ƙaiƙayi ya faɗi kusan yawan hatsin da ya fita daga ciki, kamar yadda mahauci ke duban fata ya faɗi girman sa. Ya ce tulin ya yi daidai da buhu goma ko sha ɗaya.

Ni na ɗauka magana ta ƙare. Shi kuwa ya ce wannan ya nuna an sussuke gero a nan, bai nuna shi ne wanda ke cikin buhunan ba.

Gwaggo ba ta yi gardama ba. Ta nufi gawon da ke tsakiyar gonar ta ce in hau in sauko mata da wani ƙunshi da ke rataye a reshe. Iri ne. Kowace kaka, kafin a yi girbi, takan bi gonar ta zaɓi zangarniyoyin da suka fi kyau, ta yanke su da hannunta, ta ɗaure daban, ba a sussuka su sai shuka ta zo. Injin bai taɓa su ba. Irin zango ne, mai dogon kai kamar sandar makiyayi, wanda ta gada wajen mahaifinta, kuma ba ka samun irinsa a buhun 'yan kasuwa, don su nasu gauraye yake daga gonaki ɗari.

Ta murje kaɗan daga zangarniya ɗaya a tafin hannunsa na dama. Ta ce in farke bakin buhu. Ya ɗebo da hagu, ya haɗa hannuwan biyu a rana yana dubawa. Ya jefa 'yan ƙwayoyi a baki ya tauna. Haka ya bi buhunan ɗaya bayan ɗaya, yana zura hannu har gwiwa don kada a ce saman ne kawai. Ban taɓa ganin an yi shari'a da haƙori ba sai ranar. Tara ya ce su ne.

A na goma ya tsaya. Ƙwayar ta fi ƙanƙanta, ta fi duhu. Na sha ɗaya ma haka.

"Inna, wannan fa?"

Gwaggo ta tsuke baki. Ta ce kusurwar kudu ce. Shukar farko ta ƙone a wurin da ruwa ya ɗauke, irinta kuma ya ƙare, sai ta sayo tiya biyu na wani iri mai saurin nuna a kasuwar kudu ta sake shukawa. Bai burge ta ba, ba ta ajiye ko zangarniya ɗaya daga cikinsa ba, ba ta son ya shiga irin ubanta.

Ya ce, "Wallahi na yarda da ke. Amma wannan, kamarsa ɗaya da wanda ake sayarwa a kasuwa, don daga can ya fito. In na gaba da ni ya tambaye ni, taran nan ina da abin nuna masa. Biyun nan sai dai in ce tsohuwa ta faɗa mini."

"Maganar tsohuwa ba shaida ba ce?"

"A wurina shaida ce. A buro ba ta da wurin zama."

Ya roƙi ta ba shi zangarniya ɗaya daga cikin irin, ya haɗa da takardun maigari biyu. Ta daɗe tana zaɓa, ta ba shi wadda ta fi gajarta. Na sha tunanin wannan zangarniya, ko tana nan a wani kabad tsakanin takardu, ko ɓeraye sun karanta ta.

Saura buhu biyu. A nan ne karatuna ya yi amfani sau ɗaya a duk wannan lamari, shi ma ba na lakol ba ne, na zaure ne. Gwaggo ta ce ita dai ba ta riga ta fid da zakka ba. Da dami ne, da tun a gona ta ware ɗaya cikin goma, buhunan ne suka rikita ta. Ta saba kai zakkarta ga mabukatan ƙauyenmu. Sai na tuna abin da malaminmu na fiƙihu ya karantar da mu, cewa zakkar amfanin gona an fi so a raba ta a wurin da amfanin yake, sai in wani wuri ya fi bukata. Na faɗa. Ma'aikacin ya ce shi ma haka ya ji. Ashe wannan dokar ma tana tambayar daga ina zuwa ina, ita ma tana da ra'ayi a kan abin da ya kamata ya tsallaka.

Gwaggo ta dube ni, ta dube shi. Ta ce ba za ta ba Allah geron da ta raina kawai don ya maƙale ba. Ta sa aka buɗe ɗaya daga cikin taran aka ɗebi zango, aka haɗa da na kusurwar, aka cika mata awon da zuciyarta ta kwanta da shi, aka aika wa limamin ƙauyen kudu ya raba. Ma'aikacin yana tsaye, bai hana ba, don hatsin da ya nufi kudu ba ruwansa da shi.

Abin da ya rage na kusurwar, buhu guda da 'yan kai, aka kai gidan wata ƙawarta a ƙauyen kudun, wadda suka yi 'yanmatanci tare. Wannan geron ma ya iso gida daga baya, amma a cikin ƙwarya. Duk Juma'a Gwaggo takan je gaisuwa, su daka, su dafa, ta dawo da dawo a kanta, jikoki su dama. Na tambayi Bagobirin matsayin fura a doka. Ya ce in bar shi ya mutu cikin salama.

Sauran buhunan aka ɗauko su washegari, sawu biyu. Gwaggo ta ƙi a tashi da sassafe, ta ce sai rana ta ɗaga kowa ya fito. Tana gaba, shanu suna binta, ni ina gefe na riƙe igiyar da ba ta bukatar riƙo. A gindin tsamiya ta tsaya, ko da yake ba wanda ya tsai da ita. Ma'aikacin ya miƙe ya ce, "Sannu da aiki, Inna." Ta ce, "Yauwa, sannunku da zama." Sannan ta wuce. Da muka isa gida ta sa aka jera buhunan a ɗakinta, ta ɗinke bakin kowanne da kanta, ta ce wanda ya farke ba da izininta ba zai gamu da ita.

Ranar sakin gonaki na koma gonar da hantsi, don na manta wuƙata a gindin gawo. Garken farko ya riga ya shigo daga kudu. Wasu sun bazu cikin kara, wasu sun wuce turken sun shiga inda aka cire gyaɗa, makiyayin yana tafe a bayansu da sanda a kafaɗa. Mafi yawansu sun taru a kan tulin ƙaiƙayi. Na tsaya ina kallo, kafin azahar sun cinye shaidar.